Yadda Ake Gyara Reson Gida Idan Na'urori Sun Daina Ganin Juna ko Diskin Tarayya Ya Ƙi Buɗuwa

Kiran da na fi samu a wannan aiki nan Yamai kusan iri ɗaya ne: "Malam, jiya diskin yana nan a kwamfuta, yau mun neme shi mun rasa." Wani daga gida yake kira, inda aka tara hotunan biki da na suna da karatun malamai a diski guda. Wani daga shagon buga takardu ko wurin mai hoto, inda kwamfuta uku ke ɗiba daga dosiye ɗaya. Sau da yawa kafin in isa an riga an yi ɓarna: an cire antibirus, an sake zuba Windows, wani ma ya soka tsinke a ɗan ramin bayan ruta, wato akwatin wifi, ya goge duk saitin da ke ciki. Alhali diskin lafiyarsa lau, hanyar zuwa wurinsa ma a buɗe take. Sunansa ne kawai ya daina fitowa.

Kafin ka taɓa komai ka riƙe wannan: ganin na'ura a jeri daban, isa gare ta daban. Aikin hawa uku ne. Na farko hanya. Kowace na'ura tana da lamba, wato adireshin IP, kuma ruta, akwatin wifin nan, ita ke raba musu. Na biyu shela. Na'ura kan yi ta faɗin sunanta a cikin reso kamar mai shelar gari, sauran su ji su sa ta a jeri. Na uku ƙofa, domin ko ka isa sai an tambaye ka suna da kalmar sirri. Shelar ce ta fi saurin lalacewa, kuma ita ce wadda aka fi iya rayuwa babu ita, tunda wanda ya san gida ba ya jiran mai shela. Saboda haka daga hanya ake farawa, kuma abu ɗaya ake canzawa a gwada kafin a taɓa na biyu.

Kayan aiki

- Kebul ɗin reso guda ɗaya wanda ka tabbatar yana aiki. Na mita biyu ya isa.
- Kalmar sirrin shiga saitin ruta. Ba ita ce kod ɗin wifi ba. Idan ba a taɓa canza ta ba, tana kan takardar da ke manne a ƙarƙashin akwatin.
- Suna da kalmar sirrin kwamfutar da ke riƙe da dosiyen, ko na akwatin ajiyar nan da ake kira NAS idan shi kake da shi.
- Takarda da biro. Kada ka raina su, lambobin nan suna kama da juna, kai ba ya riƙe su.
- Wayar hannu mai manhajar VLC, in da hali har da Fing, wadda ke jera duk na'urorin da ke kan reso.
- Kile USB wanda babu abu mai muhimmanci a cikinsa, don gwaji.

Ba ka buƙatar intanet. Ko forfe ɗinka ya ƙare tun jiya, na'urorin cikin gida suna magana da juna ta ruta, ba sa cin mega ko ɗaya. Mutane da yawa kan ruga sayen kiredi suna zaton shi ne maganin. Sunayen wuraren dannawa kuma na Faransanci zan kawo, tunda yawancin kwamfutocinmu a Nijar da shi suke. Idan taka da Ingilishi take, wuraren ba su canza ba.

1. Kashe komai, ka kunna bisa tsari

Kashe ruta, da diski ko NAS, da kwamfutoci. Kunna ruta ita kaɗai, ka ba ta minti biyu. Sai mai riƙe da diski, daga ƙarshe sauran. Dalilin shi ne idan kuran ya dawo komai kan tashi lokaci guda, firinta ko NAS su riga ruta farkawa, su nemi lamba ba su samu mai ba su ba. A Windows ka zaɓi "Redémarrer", ban da "Arrêter", domin na biyun ba ya sauke tsarin gaba ɗaya.

Duba 'yar fitilar bakin da kebul ya shiga. Idan ba ta kama ba, sa kebul ɗinka na gwaji. Ƙurar hunturu tana cika waɗannan ramuka, ɗan harshen robar da ke riƙe kan kebul kuma yana karyewa, sai ka gan shi a ciki alhali bai zauna ba.

2. Rubuta lambar kowace na'ura

A kwamfuta danna maɓallin Windows tare da R, rubuta `cmd`, ka shiga. A baƙin allon rubuta `ipconfig`. Layi biyu kake nema: "Adresse IPv4", lambar kwamfutar ke nan, da "Passerelle par défaut", lambar ruta. A waya ka shiga saitin wifi ka taɓa sunan reson, lambar tana ciki. Firinta tana iya buga takardar saitinta, talabijin kuma yana nuna tasa a sashen reso.

Lambar kashi huɗu ce, misali 192.168.1.20. A reson gida, inda "Masque de sous-réseau" yake 255.255.255.0, dole kashi ukun farko su zama iri ɗaya a kowace na'ura, na ƙarshen kuma kowa da nasa. 192.168.1.20 da 192.168.1.35 unguwarsu ɗaya. 192.168.1.20 da 192.168.0.35 ba unguwarsu ɗaya ba, ko da a kan tebur guda suke.

Lambar da ta fara da 169.254 na nufin na'urar ba ta samu komai daga ruta ba, ta ƙirƙiro wa kanta. Matsalar kebul ce, ko wifi, ko an kashe rabon lamba, wato DHCP, a cikin ruta. Idan kuma lambar ta fito daban da ta kowa, duba ko wani ya taɓa rubuta mata lamba da hannu a wani ofis aka manta. Kwamfutocin gwanjo sukan zo da irin wannan. Mayar da ita kan "Automatique".

3. Idan unguwa ba ɗaya ba ce

Nan ne rabin aikina yake ƙarewa. Gidajenmu masu faɗi ne, bangon siminti da ƙofofin ƙarfe suna cinye wifi, sai maigida ya sayo ruta ta biyu ya ja kebul zuwa ɓangaren iyali. Yaron da ya haɗa ya soka kebul ɗin a bakin WAN, wanda galibi launinsa daban ne. Intanet ya zo, kowa ya yi murna. Amma ruta ta biyu ta kafa nata gari, tana raba nata lambobi. Akwatunan Huawei masu katin SIM galibi 192.168.8.1 suke, TP-Link da yawa kuma 192.168.0.1, to ka ga an rabu ke nan. Wanda ke bayan ruta ta biyu wani lokaci yana iya isa ga na farko ta lamba, amma na farko ba ya isa gare shi, shela kuwa ba ta tsallakawa ko ta wane ɓangare.

Gyaran: shiga saitin ruta ta biyu ta hanyar rubuta lambarta a burauza. Idan tana da zaɓin "Point d'accès", zaɓe shi, shi ke nan. Idan babu, yi da hannu. Ba ta lamba daga unguwar ta farko wadda babu mai amfani da ita, misali 192.168.8.2, kashe DHCP ɗinta, sannan ka cire kebul daga WAN ka mayar da shi ɗaya daga cikin bakunan LAN. Ka fara canza lambar kafin ka kashe DHCP, in ba haka ba za ka kulle kanka a waje, sai ka goge ta ka faro daga farko. Na yi wannan kuskuren fiye da sau ɗaya ina sabon shiga.

Akwai kuma lokacin da lambobi duk daidai suke amma na'urori ba sa jin juna. Duba abu uku. Ko ɗaya tana kan wifin baƙi, mai "Invité" ko "Guest" a sunansa, wanda da gangan aka yi shi don bako ya samu intanet kada ya ga kayan gida. Ko an kunna abin da ake rubutawa "AP Isolation" a saitin wifi, wanda ke hana na'urorin wifi magana da juna. Ko VPN yana kunne a wayar ko kwamfutar. Matasa suna barin sa a kunne su manta, shi kuwa yana kwashe zirga-zirgar ya fita da ita waje.

Idan babu ruta sam, wifin wayar wani kuke rabawa, abin yana yiwuwa, sai dai lambobi suna yawan canzawa, kuma ranar da mai wayar ya tafi kasuwar Katako reson ya bi shi. Tsohuwar ruta ko da babu SIM a cikinta ta fi wannan.

4. Ƙwanƙwasa ƙofa da lamba

A baƙin allon rubuta `ping` da lambar na'urar da kake nema, misali `ping 192.168.1.35`. Idan ka ga "Réponse de" tare da lokaci, hanya lafiya. Idan "Impossible de joindre l'hôte de destination" ya fito, babu kowa a wannan lamba, ka koma baya. "Délai d'attente de la demande dépassé" kuwa bai yanke hukunci ba idan kwamfutar Windows kake nema, domin katangar tsaronta tana ƙin amsa ping matuƙar ba a kunna rabon fayil ba.

Yanzu gwajin da ya fi kowanne. Danna Windows da R, ka rubuta karkatattun sanduna biyu da lambar: `\\192.168.1.35`. A madannin AZERTY sandar nan tana kan maɓallin 8, sai ka riƙe AltGr. Na sha ganin mutum ya sa `//` ya ce ya ƙi. Idan diskin a jikin ruta yake, lambar ruta za ka sa.

Abin da ya fito shi zai nuna maka inda za ka nufa. Idan dosiyoyi sun bayyana, komai lafiya, shela ce kawai ta mutu, je mataki na 5. Idan an tambaye ka suna da kalmar sirri, ko aka ce "Accès refusé", ka isa ƙofa, je mataki na 6. Idan aka ce ba a sami hanya ba, da lamba 0x80070035, alhali ping yana amsawa, to ko dai rabon fayil a kashe yake a can, ko yaren da na'urorin biyu ke magana ya bambanta, wato mataki na 5 sannan na 7.

5. Tayar da mai shela

Wannan a kwamfutar da ke riƙe da dosiye ake fara yi, sannan sauran.

Windows yana ɗaukar kowane sabon reso a matsayin na kasuwa, sai ya ɓoye kansa. Shiga "Paramètres", "Réseau et Internet", ka buɗe "Propriétés" na wifin ko kebul ɗin, ka mayar da shi daga "Réseau public" zuwa "Réseau privé". Ka sani duk ranar da aka canza ruta ko sunan wifi, zai sake komawa na kasuwa. Shi ya sa ake cewa "tun da muka sayi sabon akwati abin ya lalace".

Daga nan nemi "Paramètres de partage avancés". A Windows 11 yana ƙarƙashin "Paramètres réseau avancés", a Windows 10 kuma cikin "Centre Réseau et partage". Kunna gano na'urori, wato "Découverte du réseau", da "Partage de fichiers et d'imprimantes", a ɓangaren reso mai zaman kansa kaɗai.

Idan har yanzu sunan bai fito ba, danna Windows da R, rubuta `services.msc`. Nemo "Publication des ressources de découverte de fonctions" da "Hôte du fournisseur de découverte de fonctions". Na farkon shi ne mai shelar, na biyun mai sauraro. Sa kowanne a "Automatique (début différé)", ka tayar da shi, ka sake kunna kwamfutar.

Wanda ya saba da Windows 7 zai yi ta neman "Groupe résidentiel". Kada ka wahala, Microsoft ta cire shi tun fitowar Windows 10 ta 1803 a shekarar 2018. Idan kuma kana da antibirus mai tasa katangar tsaro, shiga cikinsa ka gaya masa wannan reson na gida ne. Kana iya dakatar da katangar na minti biyu don gwaji, amma ka mayar. Kwamfutar Linux mai Samba, wato manhajar da take rabon fayil da ita, ba za ta fito a jerin Windows ba sai an girka mata ƙaramar manhajar `wsdd`.

Ni dai idan na yi waɗannan sunan bai fito ba, ba na ɓata yini a kai. Tunda lamba tana buɗewa, mataki na 10 ya wadatar.

6. Suna, kalmar sirri da izini

Sunan da ake tambayarka na can ne, na kwamfutar da ke riƙe da dosiye, ba na wadda kake zaune a gabanta ba. Je can ka rubuta `whoami` a baƙin allo. Zai ba ka sunan kwamfuta, sanda, sunan mai amfani. Haka za ka kwafe shi duka.

Ga tarkunan da na fi gani. Lambar PIN da ake buɗe kwamfuta da ita ba ta aiki ta reso, ainihin kalmar sirri ake so. Asusun da ba shi da kalmar sirri kwata-kwata, Windows ba ya barin a shige shi daga nesa. Sai kuma rikicin madanni: an rubuta kalmar a AZERTY, kai kana bugawa a QWERTY, A ta zama Q, Z ta zama W, M ta bar wurinta, lambobi kuma a AZERTY sai an riƙe Maj. Buga kalmar a Bloc-notes ka ga abin da ke fitowa da idonka.

Abin da na fi so shi ne in buɗe sabon asusu na cikin kwamfutar don rabo kawai, ta "Comptes" sannan "Autres utilisateurs", in sa masa suna kamar `rabo` da kalmar sirri mai ƙarfi. Ta haka maigida bai ba yara kalmar sirrinsa ba.

Izini kuma ƙofa biyu ne, nan mutane ke ruɗewa. Danna dosiyen da hannun dama na linzami, ka shiga "Propriétés". A shafin "Partage", cikin "Partage avancé", ka ba asusun izini. Sannan ka koma shafin "Sécurité" ka ƙara shi a nan ma. Wanda ya fi tsauri cikin biyun shi ke aiki. Idan kana ganin dosiye amma ya ƙi buɗuwa, ko yana buɗuwa amma ba ka iya ajiye komai, kusan kullum shafin "Sécurité" ne aka manta. Kuma kada ka raba diskin C gaba ɗaya don gudun wahala.

Idan an canza kalmar sirri amma Windows ya nace da tsohuwar, buɗe "Gestionnaire d'identification", ka shiga "Informations d'identification Windows", ka goge layin da ke ɗauke da lamba ko sunan waccan na'urar. Idan kuskure mai lamba 1219 ya fito, wato ka riga ka shiga da wani suna, rubuta `net use * /delete`, ka amsa da O, ka sake gwadawa.

7. Tsohuwar ruta da sabon Windows

Yaren da ake rabon fayil da shi sunansa SMB, kuma yana da tsarawa uku. Tsofaffin rutoci masu bakin USB da tsofaffin NAS na farkon kawai suka iya, SMB1. Ta cikinsa ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da asibitocin Ingila. Daga fitowar Windows 10 ta 1709 Microsoft ta fara janye shi, Windows 11 kuma ba ya zuwa da shi a kunne. Alamar wannan matsala ita ce tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 tana buɗe diskin, sabuwa ta ƙi.

Fara da rutar ko NAS ɗin: shiga saitin na'urar ka ga ko akwai zaɓin SMB2 ko SMB3, ko sabunta manhajarta zai kawo shi. Idan babu, ina ganin gara ka cire diskin daga ruta ka sa shi a kwamfutar da ta fi zama a kunne, ka raba daga can. Wasu rutocin kuma suna da FTP, wata hanyar rabon fayil ta daban, sai ka rubuta `ftp://` da lambar ruta a "Explorateur de fichiers".

Idan duk babu hali, rubuta `optionalfeatures`, ka buɗe "Support de partage de fichiers SMB 1.0/CIFS", ka zaɓi "Client" shi kaɗai, ban da "Serveur". Ba na yin haka a shagon da baƙi ke soka kile daga safe zuwa dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai sabuwar matsala da ta zo da Windows 11 ta 24H2 a ƙarshen 2024. Rubuta `winver` ka ga taka. A nau'in Pro an wajabta sa hannun tsaro a kan kowace haɗuwa, an kuma hana shiga a matsayin baƙo marar kalmar sirri. Sai diskin da ya shekara yana buɗuwa ba tambaya ya ƙi rana ɗaya. Maganin kirki shi ne ka buɗe suna da kalmar sirri a kan NAS ko rutar, ka daina shiga a baƙo. Idan na'urar ba ta iya ba, buɗe PowerShell a matsayin "administrateur" ka rubuta `Set-SmbClientConfiguration -RequireSecuritySignature $false`, in bai isa ba ka ƙara `Set-SmbClientConfiguration -EnableInsecureGuestLogons $true`. Ka san cewa tsaro ka sassauta. Kwamfutar da ake yawo da ita zuwa ofis da otal ba a yi mata haka.

Duk wanda ya ce ka buɗe ƙofa ta 445, wadda SMB ke bi, a ruta don ka riƙa ganin diskinka daga Tawa ko Maraɗi, kada ka yarda. Duniya ka buɗe wa.

8. Idan laifin diskin ne

Cire diskin daga ruta ka sa kilen gwaji. Idan kilen ya fito, reso ba shi da laifi.

Wuta ce ta farko. Bakin USB 2.0 miliamfa 500 aka tsara ya bayar, USB 3.0 kuma 900. Ƙaramin diski mai juyawa yakan so fiye da haka lokacin tashi, sai ka ji yana ƙas-ƙas yana ɗaukewa. Sa masa mahaɗin USB mai nasa caja. Babban diski irin na kwamfutar tebur kuwa dole sai da wutarsa ta bolt 12.

Na biyu tsarin da aka tsara shi da shi. FAT32 kowace ruta tana karantawa, amma ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce giga 4, shi ya sa bidiyon biki ke tsayawa a hanya. Tsofaffin rutoci da yawa ba su san exFAT ba. NTFS ya fi dacewa, sai dai idan kuran ya ɗauke ana cikin rubutu, yakan bar alamar rashin tsabta, ruta ta ƙi shi ko ta hana ajiya. Kai shi kwamfuta, ka rubuta `chkdsk E: /f`, ka sa harafin diskinka a madadin E, ka cire shi ta hanyar "Éjecter".

Idan Windows ya ce a tsara diskin sabo, "Formater", ka ce a'a. Idan kuma yana wani ƙara da ba ka saba ji ba, bar gyaran reso, kwashe kayan tukuna. Diski ɗaya da kowa ke ɗiba ba ajiya ba ce, kowane yaro mai izinin rubutu yana iya goge hotunan shekara goma da dannawa ɗaya. A samu na biyu a riƙa kwafewa ana ajiye shi a durowa.

Jinkiri kuma sau da yawa kebul ne. Silin waya takwas ne a ciki. Gudun gigabit yana son duka takwas, idan ɗaya ya tsinke, in haɗin bai yanke gaba ɗaya ba, sai a koma megabit 100, kwafi ya tsaya wajen mega 11 a daƙiƙa. Tsawon kebul kada ya wuce mita 100. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, rutar da aka rufe a kabad ko aka ɗora a kan dikoda takan yi ta katsewa da rana. Fito da ita inda iska ke bi.

9. Waya, talabijin da firinta

A Android buɗe VLC ka shiga sashen reson gida, ko ka ƙara sabar SMB da lamba a manhajar fayil. A iPhone manhajar "Fichiers" tana yi tun iOS 13: taɓa ɗigo uku, "Se connecter au serveur", ka rubuta `smb://` da lambar. Tun iOS 14 kuma kowace manhaja sai an ba ta izinin "Réseau local" a saitin sirri. Idan ka taɓa ƙin yarda ranar farko, ba za ta ga firinta ko talabijin ba har sai ka je ka kunna. A Mac, danna Cmd da K a Finder, manhajar fayil ɗinsa, ka rubuta haka nan.

Yawancin talabijin ba sa jin SMB, DLNA suke nema, wani yare na rabon bidiyo da waƙa da hotuna. Kunna sabar midiya a ruta ko NAS, ko "Diffusion multimédia en continu" a Windows. Firintoci da yawa kuma wifin 2.4 GHz kaɗai suke kamawa. Wannan ba laifi ba ne muddin ruta tana haɗa shi da na 5 GHz. Idan waya ta ga firinta a 2.4 amma ta rasa ta a 5, nemi "IGMP Snooping" a ruta ka juya shi, idan a kunne yake ka kashe, idan a kashe yake ka kunna, ka gwada.

10. Kafe lambar, ka ba diskin harafi

Ruta aron lamba take bayarwa, gobe tana iya ba firinta wata. Shiga saitinta, sashen DHCP, ka nemi wurin keɓe adireshi, "Réservation d'adresse". Zaɓi NAS, firinta da kwamfutar da ke rabo, ka kafe wa kowace lambarta. Da lambar jikin na'ura ake yi, wadda ake kira MAC, kuma ta kebul daban take da ta wifi, saboda haka ka zaɓi wadda ake amfani da ita. Wayoyi tun Android 10 da iOS 14 suna ɓoye tasu ta gaskiya, amma su ba sa buƙatar kafewa.

Sai ka buɗe "Ce PC", ka zaɓi "Connecter un lecteur réseau", ka ba shi harafi kamar Z, ka rubuta `\\192.168.1.35\hotuna`, wato lamba da sunan dosiyen. Sa alama a kan sake haɗawa lokacin shiga, ka bar shi ya riƙe kalmar sirri. Kwamfutar da ke rabo kuma ka hana ta barci, "Mise en veille" ya zama "Jamais" idan tana kan wuta, domin idan ta yi barci dosiyen ya tafi da ita. Windows na gida da na Pro mutum 20 kawai suke ɗauka a lokaci guda, wanda ya ishi gida da shago.

Rubuta lambobin a takarda ka manna a gefen ruta, ban da kalmomin sirri. Idan da hali, sa wa ruta da NAS ondilar, ko ƙaramin batirin nan na bolt 12 da ake yi don ruta, ka duba bolt ɗin da ke rubuce a cajarta kafin ka saya. Bayan kuran ya dawo za ka iya ganin jan kuros a kan harafin Z. Kwamfutar ce ta riga ruta tashi. Jira minti biyu, ka danna shi sau biyu, zai buɗe.